Murhun Felet: Wutar da Ke Neman Mai Kula

 

Malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin wannan zama, da 'yan'uwa da kuka taso daga Bireshiya da Bergamo da garuruwan kewaye, wasunku ma daga wurin aiki kai tsaye, barkanku da zuwa, Allah ya saka da alheri. An nemi in yi magana a kan murhun ɗumama ɗaki mai cin felet, wanda mutanen ƙasar nan ta Italiya ke kira stufa, saboda a 'yan shekarun nan gidajenmu da dama sun shigo da shi, wasu kuma suna cikin shawarar saye. Abin da nake so ya zauna a zukatanmu kafin mu watse shi ne: wannan abu sunan murhu kawai yake amsawa, amma inji ne, mai mota da fanka da ƙwaƙwalwar lantarki. Wanda ya saye shi ya ɗaukar wa kansa aiki na kullum. Duk rangwamen da zai samu a kuɗin gas, da wannan aikin zai biya shi.

Bari mu fara da abincinsa. Felet dusar katako ce da ake tarawa a masana'antun yankan itace, a busar da ita, a niƙe, a tura ta da ƙarfin gaske ta cikin ƙananan ramuka na ƙarfe. Zafin matsin nan yana narkar da wani danƙo da Allah ya halitta a jikin itace, shi ne ke haɗe dusar ya kuma ba ta wannan sheƙi da kuke gani. Felet na ƙwarai ba a sa masa gam. A nan Turai kaurinsa milimita 6 ne, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, damshin da ke cikinsa kuma bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Itacen da aka sara aka shanya shekara biyu yakan riƙe kusan ninkin wannan damshi, shi ya sa felet ya fi shi zafi da ƙarancin hayaƙi. Kilo biyu na felet suna ba da zafin da ya yi kusa da na lita ɗaya ta man gas ɗin ɗumama gida.

Tunanin ya samu kasuwa ne bayan tsadar man fetur ta 1973, lokacin da Amurka da Turai suka shiga neman abin da zai maye gurbin mai. A farkon shekarun 1980 wani injiniyan kamfanin jiragen sama na Boeing mai suna Jerry Whitfield, a jihar Washington, ya ƙera murhun gida da ke ciyar da kansa da felet kaɗan-kaɗan. Daga baya Italiyawa suka karɓe sana'ar suka ƙawata ta. Palazzetti da MCZ a lardin Pordenone suke, La Nordica-Extraflame a lardin Vicenza, Ravelli kuma a nan lardin Bireshiya, kuma ba zan yi mamaki ba idan a cikinku akwai wanda ya taɓa aiki a masana'antar da ke yi musu ƙarafa. Yau Italiya tana sahun gaba a duniya wajen ƙona felet a cikin gidaje, wajen tan miliyan 3 a shekara, kuma mafi yawansa daga waje ake shigo da shi. Ku riƙe wannan magana ta shigowa daga waje, za mu dawo kanta.

To yaya yake aiki? A bayan murhun ko a samansa akwai tanki da ke ɗaukar kilo 15 zuwa 25. A gindin tankin akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe irin na cikin injin markaɗe, wanda ƙaramar mota ke juyawa, ta tsaya, ta sake juyawa. Duk juyi ɗaya yana zubo 'yan ƙwayoyi cikin wani ɗan kasko na ƙarfe mai huji-huji. Wannan ƙaras-ƙaras da kuke ji kenan. Idan aka danna maɓallin kunnawa, wata sandar lantarki da ke ƙarƙashin kaskon takan yi jajur, iskar da ke wucewa ta kanta ta kama felet ɗin cikin 'yan mintuna. Fanka ɗaya tana zuƙo iska ta hujin kaskon ta tura hayaƙi cikin bututu zuwa waje. Fanka ta biyu tana ɗibar iskar ɗaki ta bi da ita ta jikin ƙarafan da suka yi zafi ta huro muku ɗumi. Waɗannan iskoki biyu ba sa haɗuwa, kuma lafiyar iyali a kan rashin haɗuwarsu ta rataya. Sama da duka akwai ƙwaƙwalwar lantarki da ke auna zafin hayaƙi da ƙarfin zuƙar iska, idan ta ga abin da bai yi mata ba ta tsayar da wuta ta yi ƙara.

Kun ga kenan wuta ce da ba ta ci sai da lantarki. Ba ya jan da yawa, wajen wat 100 idan yana tafiya, 300 zuwa 400 a mintunan kunnawa. Amma idan aka ɗauke wuta fankar hayaƙi takan tsaya cak alhali felet na ci gaba da turnuƙa a kasko. Idan bututun hayaƙin ya miƙe sama yadda ya kamata, zafi da kansa zai ja hayaƙin ya fita. Idan kuwa bututun ɗan gajere ne da aka huda bango aka fitar, hayaƙin ɗaki zai dawo.

Wannan ya kawo mu ga girkawa, kuma a nan ne na fi jin tsoro a kan mutanenmu. Mu mutane ne masu taimakon juna. Ɗan'uwa yana aikin walda, wani yana aikin gini, sai a ce ranar Lahadi a haɗu a ɗaura. Taimakon juna alheri ne, amma wannan aikin ba wurinsa ba ne. Ƙa'idar girka irin wannan murhu a Italiya, wadda ake kira UNI 10683, ta ce hayaƙi ta saman rufi zai fita. Huda bango a fitar da bututu a gefen tagar maƙwabci ya saɓa doka, ko da kun ga wani Ba'italiye ya yi. Ba a haɗa shi da bututun tukunyar gas, ba a haɗa shi da bututun da ke zuƙe tururin kicin. Ba a sa shi a gareji. A ɗakin kwana, ko banɗaki, ko gida mai ɗaki ɗaya tal, ba a yarda da kowane iri ba sai rufaffen nan da ke jan iskarsa kai tsaye daga waje. Kowane iri ne ma yana bukatar kafar shigar iska, kuma wannan kafa ce mutane ke toshewa da tsumma idan sanyi ya tsananta, suna ganin iska ce ke shigo musu a banza. Wanda ya toshe ta ya shaƙe wutar, wutar da aka shaƙe kuma guba take fitarwa.

Ma'aikaci mai lasisi ne zai girka, ya ba ka takardar shaidar cewa aikin ya bi ƙa'ida, ya buɗe wa murhun littafinsa. A Lombardiya har rajista ake yi masa a kundin jiha mai suna CURIT. Takardun nan ba ado ba ne. Ranar da Allah ya kawo tsautsayin gobara, su ne abin farko da kamfanin inshora zai tambaya, idan babu su kuma asarar gidanka da ta maƙwabta a wuyanka za ta sauka. Wanda ke haya ya nemi izinin mai gida a rubuce. Wanda ke gidan bene na haɗaka ya fara zuwa wurin mai kula da ginin, domin sau da yawa babu hanyar da bututu zai kai rufi daga hawa na biyu, kuma gara ka ji haka kafin ka biya kuɗin murhu.

Akwai kuma maganar taurari. Tun 2017 dokar ƙasa ta raba murahun itace da na felet daraja-daraja, daga tauraro ɗaya zuwa biyar, gwargwadon tsabtar hayaƙinsu. A 2017 ɗin ne kuma Lombardiya da Beneto da Fiyemonte da Emiliya-Romanya suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin tarayya a kan iskar kwarin kogin Po. Daga 2020 a jihohin nan ba a girka sabon murhu mai ƙasa da taurari huɗu, ba a kuma kunna tsohon da bai kai uku ba, Lombardiya ma ta ƙara tsanantawa bayan haka. Saboda haka idan ka ga na hannu a Facebook da araha, tambayar farko ita ce takardar taurarinsa. Mai sayarwa da yawa yana rabuwa da shi ne domin doka ta hana shi kunnawa. Ga wanda zai cire tsohon murhu ya sa sabo, akwai tallafin gwamnati mai suna Conto Termico da ke iya mayar da har kashi 65 cikin ɗari na kuɗin, kuma shi ma sai da takardun ma'aikaci mai lasisi.

Kada dokar nan ta zama mana abin ƙorafi kawai. Kwarin da muke zaune a cikinsa duwatsu sun kewaye shi ta arewa da yamma da kudu, iska ba ta kaɗawa, a lokacin sanyi hazo yakan danne hayaƙi ya kwana a kanmu kwana da kwanaki. A watan Nuwamba na 2020 Kotun Tarayyar Turai ta sami Italiya da laifin wuce iyakar ƙurar iska shekara da shekaru, kuma hayaƙin itacen da ake ƙonawa a gidaje yana cikin manyan masu kawo ƙurar nan. Murhun felet ya fi buɗaɗɗen murhun itace tsabta nesa ba kusa ba, amma gas ya fi shi ƙarancin ƙura. Gaskiya ce da ya kamata mai saye ya sani. 'Ya'yanmu da ke fama da asma wannan iskar suke shaƙa a hanyar makaranta, kuma murhun da ba a sharewa yana ƙara musu.

Yanzu lissafin kuɗi, wanda na san shi ya kawo da yawanmu. Buhun felet kilo 15 ne, kuma zafin da ke cikinsa ya yi kusa da na mita kubik 7 na gas. To ka ɗauko takardar gas ɗinka, ka raba jimillar kuɗin da yawan mitocin da ka sha, ka ninka sau bakwai, ka gwada da kuɗin buhu. Wannan ne ma'auni, ba abin da mai kanti ya faɗa maka ba. Sannan ka ɗora kuɗin murhu da na bututu da na girkawa, waɗanda a haɗe sukan kai dubban Yuro, da ladan ma'aikaci na kowace shekara, da kayan gyara. Murhu mai ƙarfin kilowat 8 ko 9 yana cin kimanin rabin kilo zuwa kilo biyu a awa, gwargwadon yadda aka buɗe shi. A tsakiyar sanyi buhu ɗaya a rana ba abin mamaki ba ne, kuma lokacin ɗumama gida a yankinmu daga 15 ga Oktoba ne zuwa 15 ga Afrilu. Gida matsakaici yakan ci tan ɗaya zuwa biyu, wato buhu 70 zuwa 130 ko fiye. Ina za ka ajiye su? Wa zai hau da su bene? Tambayoyi ne da ake mantawa da su a kanti, a tuna da su a watan Janairu.

Na ce ku riƙe maganar shigowa daga waje. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, Tarayyar Turai ta hana shigo da katako da felet daga Rasha da Belarus, gas ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya ruga neman felet a lokaci guda. Buhun da ake saya Yuro 4 ko 5 ya haura 10. Sai da gwamnati ta rage harajinsa daga kashi 22 zuwa 10 cikin ɗari a 2023 domin mutane su numfasa. A lokacin ne 'yan damfara suka buɗe shafuka a intanet suna tallar felet da rabin kuɗi, a tura musu kuɗi, kaya ba su zo ba. Farashin ya sauko daga baya, amma abin da ya nuna shi ne felet ma kasuwar duniya yake bi. Wanda ya cire na'urar gas ɗinsa gaba ɗaya ya dogara da felet kaɗai ya sauya wa kansa ubangida ne kurum. Ni shawarata a bar gas ɗin a wurinsa, murhun ya ɗauke nauyin falo inda iyali ke wuni.

Kada kuma girman murhu ya ruɗe ka. Wanda ya fi ƙarfin ɗakin kullum a ƙaramar wuta zai zauna, ko ya dinga mutuwa yana kunnuwa, kuma a nan ne yake tara kunkunniya ya kuma cinye sandar kunnawa. A sa ma'aikaci ya auna ɗakin ya duba tagogi da bango. Akwai mai bututun da ke kai ɗumi ɗaki na biyu, akwai mai dafa ruwa ya tura cikin ƙarafan ɗumama gida duka, kowanne da kuɗinsa da nasa aikin. Ka nemi a kunna maka shi a kanti ka saurari ƙarar fankar, domin da ita za ku yi hira da karatu wata shida.

Sai zaɓen felet. A jikin buhu ka nemi tambarin ENplus da harafin A1, tare da lambar masana'anta da ke farawa da haruffan ƙasa, IT ko AT ko DE da makamantansu. Ana iya duba lambar a shafinsu, kuma ya kamata a duba, domin jami'an Guardia di Finanza sun sha kama tan-tan na felet mai tambarin jabu. A Lombardiya tun Oktoban 2018 doka ta wajabta A1 a murahun gida. Bambancin a toka yake. A1 tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari, wato wajen giram 100 a buhu. A2 takan kai kashi 1.2. Marar tambari kuwa Allah kaɗai ya san abin da ke ciki: ɓawo, yashi, ko dusar katakon kujeru mai fenti da gam, wanda hayaƙinsa guba ne kuma yake cin ƙarfen murhu. Araha ba ta ado. Ɗaga buhun ka duba gindinsa, idan gari ya taru da yawa ka ajiye shi, domin garin nan ne ke cushe murɗaɗɗen ƙarfen. Launi ba ya nuna kyau, fari da ja-ja-ja irin itacen ne ya bambanta su. Kafin ka sayi tan guda, sayi buhu uku ka ƙona ka ga abin da suka bari a kasko.

Ajiya kuma a busasshen wuri, a kan katako, nesa da bango mai damshi. Felet da ya sha ruwa yakan kumbura ya koma dusa, ba ya dawowa. Akwai wani abu da mutane kaɗan suka sani: felet mai yawa da aka rufe a wuri marar iska yana fitar da iskar kabon monoksaid da kansa, ba tare da wuta ba. A watan Nuwamba na 2006, a tashar jiragen ruwa ta Helsingborg a Siwidin, wani ma'aikacin jirgin da ya ɗauko felet daga Kanada ya rasu da ya sauka wani lungu kusa da rumbun kayan, kuma an samu irin wannan a rumbunan felet na gidaje a Turai. Buhu goma a lungun falo ba su kai nan ba. Amma wanda ya cika ɗan ɗakin ƙasa marar taga da tan biyu, ya bar masa kafar iska, ya buɗe ƙofa ta sha iska kafin ya shiga, kada kuma yara su mai da shi wurin ɓuya.

Mu zo ga aikin kullum, wanda shi ne zuciyar maganata. Kowace safiya, murhu a kashe kuma a sanyaye, a ciro ɗan kaskon nan a zubar da abin da ke ciki, a kankare dunƙulen tokar da ta daskare, a tabbata kowane huji a buɗe yake, musamman wanda ke fuskantar sandar kunnawa, a mayar da shi ya zauna daidai. Mintuna biyar ne. Mafi yawan kiran da ake yi wa masu gyara da cewa murhu ya ƙi kamawa, daga wannan kaskon ne. Gilashin ƙofa a goge shi da ɗanyen tsumma da aka dangwala a toka, idan ya huce. Bayan kwana biyu ko uku a zubar da aljihun toka, a zuƙe cikin murhun da injin zuƙar toka mai gwangwanin ƙarfe. Kada a yi amfani da na share kafet, domin garwashi yakan ɓuya a cikin toka ya kwana da ransa. Saboda haka ma toka a bokitin ƙarfe mai murfi ake zuba ta, ba a leda ko kwali a baranda ba. Duk mako a motsa sandunan kankare ƙarafan zafi idan murhunka yana da su, duk wata kuma a bar tanki ya ƙare a zuƙe garin da ya kwanta a gindinsa.

Ku koyi karanta harshen wutar, shi ne ke fara ba da labari kafin ƙwaƙwalwar lantarki ta yi ƙara. Lafiyayyar wuta rawaya ce mai haske, tana rawa da kuzari, tokarta fara-fara ce mai laushi. Idan harshen ya yi tsawo ya yi lanƙwasa a kasalance, launinsa ya koma ja mai duhu da baƙi a baki, gilashi ya yi baƙi cikin 'yan awoyi, felet ya fara taruwa a kasko bai cinye ba, to iska ta yi kaɗan. Ko huji ya toshe, ko bututu ya cika, ko igiyar da ke bakin ƙofa ta saki. Gwajin igiyar mai sauƙi ne: murhu a sanyaye, ka maƙale takarda a ƙofar ka rufe ka ja. Idan ta zare ba gardama, igiyar ta gama aiki.

Abu uku nake roƙonku da girman Allah. Idan ya ƙi kamawa, kada a sake danna maɓalli sai an zubar da felet ɗin da ya taru a kasko. Tarin nan idan ya yi zafi yakan cika murhun da farin hayaƙi mai kamawa, ya tashi gaba ɗaya da ƙarfin da ke iya fasa gilashi. Na biyu, kada a zuba masa fetur ko kananzir ko barasar goge-goge, kada a ɗebo felet da hannu a ƙara, kada a jefa takarda ko ɓawon gyaɗa, kuma iyayenmu mata, turaren wuta ba a nan ake sa shi ba. Na uku, kada a kashe shi ta hanyar zare filogi. Idan an danna kashewa fanka takan ci gaba da juyawa mintuna da dama tana fitar da sauran hayaƙi tana sanyaya ƙarfe, a bar ta ta gama. Game da yara kuma, gilashin nan yana ƙona fata a taɓawa ɗaya, a sa masa shinge. Shanyar kaya a kansa ko dab da shi ita ce hanyar gobara mafi kusa.

Sau ɗaya a shekara ma'aikaci zai zo ya buɗe inda hannunka ba ya kaiwa: ya share fankar hayaƙi da hanyoyin cikin murhu, ya bi bututu da burushi har rufi, ya sauya igiyoyi, ya gwada na'urorin tsaro, ya rubuta a littafi. Sandar kunnawa kayan ƙarewa ce, bayan 'yan shekaru takan mutu, sunanta a wurinsu candeletta idan za ka kira waya. Ka tsaya a kansa lokacin da yake aiki, ka ga abin da ya fito daga bututun, ka yi tambaya. Wanda ya ga bokitin kunkunniyar da ake cirowa sau ɗaya ba ya sake tsallake shekara.

Maganar kabon monoksaid ba zan wuce ta da sauri ba, domin ta shafe mu fiye da wasu. A gida idan hunturu ya kankama mun saba shigar da kaskon garwashi ɗaki, kuma abin da ke ceton mutane da yawa shi ne ɗakunanmu suna shan iska ta ƙarƙashin ƙofa da ta rufi. Gidajen nan kuwa tagoginsu gilashi biyu ne da roba, ba abin da ke fita. Kowane lokacin sanyi jaridun ƙasar nan suna kawo labarin iyalan da aka kwasa zuwa asibiti saboda garwashi a ɗaki, kuma sau da yawa baƙi ne irinmu, waɗanda aka yanke wa gas ko suke gudun kuɗinsa. Idan murhun felet ya lalace cikin dare, ko buhu ya ƙare, kada gawayi ya zama madadinsa. A ƙara bargo, a tafi gidan ɗan'uwa, mu kuma 'yan'uwan mu buɗe ƙofa. Iskar nan ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi, kuma idan mutanen gida duka suka kamu a lokaci ɗaya, ko ciwon ya lafa da an fita waje, kada a tsaya neman magani ko a ce mura ce. A buɗe tagogi, a fitar da kowa, a kira 112. Na'urar da ke jin iskar ta yi ƙara kuɗinta bai fi na buhu huɗu ko biyar ba. A nemi mai lambar EN 50291, a sa ɗaya a ɗakin murhu, ɗaya kusa da ɗakunan kwana, a dinga danna maɓallin gwajinta. Duk gidan da ke da murhu bai da ita, ina roƙon a saye ta a wannan makon.

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni ko zai iya aika irinsa gida, ga iyaye a Jos inda sanyi ke cizo. Niyya ce mai kyau, amma ba na ba da shawara. Yana son lantarkin da ba ya yankewa, da felet mai tsabta a kusa, da ma'aikacin da ya san cikinsa. Buntun shinkafar da ke jibge a masana'antun Kano ana iya cura shi, sai dai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ne, zai toshe wannan ɗan kasko kafin a yi sallar azahar. Kuɗin ya fi amfani a gyaran tagogi da silin da barguna masu kyau.

Idan sanyi ya wuce a watan Afrilu, kada a rufe murhu da felet a ciki. A bar shi ya cinye, a zuƙe tanki tas, domin damshin bazara yana kumbura ragowar ta daskare a jikin murɗaɗɗen ƙarfen, ranar kunnawar farko motar ta ƙone. A zare filogi saboda tsawar damina. A kira ma'aikaci a watan Mayu ko Yuni lokacin da ba layi, maimakon Oktoba da kowa ke nemansa. Felet ma tsakanin Mayu da Agusta ya fi sauƙi, kuma a nan ne taimakon junanmu yake da wurin zama: gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su yi odar mota guda daga dillalin da aka san shagonsa, a biya idan kaya sun sauka, a duba tambari da lamba kafin direba ya tafi.

Na ga hannuwa sun fara tashi. Wanda ya zo da littafin murhunsa ko takardar gas ya matso da su gaba mu duba tare, iyayenmu mata kuma su za su fara tambaya, tunda mafi yawan lokaci su ke wuni da wutar.